Mughal-e-Azam: tarihi ne, ko tatsuniyar fada ce aka yi wa ado?

Akwai wani guntun bidiyo da ya daɗe yana yawo a wayoyin mutanen Damagaram, yau a WhatsApp gobe a TikTok. Wata mace ce take juyi a tsakiyar ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da rufinsa da ƙananan madubai, tana waƙa tana kallon sarki ido cikin ido, shi kuma yana zaune yana huci, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Masu tura shi sukan ɗora rubutu a kai cewa labarin gaskiya ne, wai haka wani sarkin Musulmi a Indiya ya sa aka gine wata baiwa da ranta a cikin bango don ɗansa ya ce yana sonta. Daga nan sai gardama ta kaure a fadar shayi, ko a Birni ko a Zango. Matashi ya ce ai sabon fim ne, tunda ga launi nan raɗau. Dattijo ya ce, "Kai yaro, tun zamanin kaset muka san shi, kuma baƙi da fari ne." Wani daga gefe ya ce ƙage ne kawai Indiyawa suka shirya don su ɓata sunan sarakunan Musulunci.

Sunan fim ɗin Mughal-e-Azam, kuma ya fito ne a 1960. Me ke cikinsa na tarihi, me aka ƙara, kuma me ya sa masu sharhi har yau suke ajiye shi a sahun gaba alhali sun san kurakuransa ɗaya bayan ɗaya?

Sunan, da mutanen da suka yi aikin

Mughal sunan gidan sarautar Musulmi ne da ya kafu a Indiya a 1526, lokacin da Babur ya ci yaƙin Panipat ya shiga Delhi. Kalmar "Azam" kuwa kunnen Bahaushe ya san ta, ita ce a'azam ta Larabci, mafi girma. Wanda ake nufi shi ne Sarki Akbar, jikan Babur, da ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605. A riƙe wannan da kyau: fim ɗin da kowa ke kira na soyayya bai ɗauki sunan masoyan ba, sunan uban da ya raba su ya ɗauka.

K. Asif ne darakta. Prithviraj Kapoor, mahaifin Raj da Shammi da Shashi Kapoor, shi ya fito a Akbar. Dilip Kumar, haifaffen Peshawar wanda sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, ya fito a Yarima Salim, ɗan Akbar. Madhubala, wadda sunanta na gida Mumtaz Jehan, ita ce Anarkali, baiwar da yarima ke so. Durga Khote ce uwar yarima, Nigar Sultana kuma ita ce Bahar, abokiyar kishi. Naushad ya tsara kiɗa, Shakeel Badayuni ya rubuta baitoci, muryar waƙar da ake ji a bakin Madhubala kuma ta Lata Mangeshkar ce. Tsawonsa minti 197, wato awa uku da minti 17, kuma an fara haska shi ranar 5 ga Agusta 1960, aka yi bikin buɗewa a sinimar Maratha Mandir ta Bombay.

Asif bai ƙirƙiri labarin ba. Wasan daɓe ne mai suna Anarkali da Imtiaz Ali Taj ya rubuta da Urdu a Lahor a 1922, kuma an riga an mai da shi fim fiye da sau ɗaya, har da wani na 1953 da ya yi kasuwa sosai.

Yadda labarin yake

Akbar ba shi da magaji. Ya taka a ƙasa ba takalmi zuwa wajen waliyyi Shehu Salim Chishti neman addu'a, Allah ya ba shi ɗa namiji. Kuyangar da ta kawo masa albishir ya cire zobe ya ba ta, ya ce duk ranar da ta zo da shi ta roƙi abu ɗaya, zai yi mata. Yaron ya tashi a sangarce, sai uban ya tura shi fagen yaƙi, bai dawo ba sai bayan shekara 14.

Da ya dawo ne idonsa ya faɗa kan Nadira, ƴar waccan kuyanga, wadda sarki da kansa ya raɗa wa suna Anarkali, wato furen rumman. Bahar, wadda take harin zama sarauniya, ta kai tsegumi. Aka jefa Anarkali kurkuku, aka ce ta fito gaban fada ta nuna ta haƙura. Maimakon haka ta yi waƙar nan da ke yawo a waya, wadda ma'anarta ita ce wanda ya yi so ba shi da abin tsoro. Salim ya yi tawaye, ya ja runduna ya kara da ubansa, aka ci shi da yaƙi, aka yanke masa hukuncin kisa. Anarkali ta miƙa kanta a madadinsa. Abin da ta roƙa shi ne a bar ta ta zama matarsa na ɗan lokaci a daren ƙarshe, aka amince bisa sharaɗin ta shaƙa masa abin sa barci don kada ya hana a tafi da ita. Ana cikin jera tubali a gabanta, uwarta ta fito da zoben. Sarki ya sa aka fitar da su ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, su bar ƙasar, kuma kada Salim ya taɓa sanin tana raye.

To kun ga ko a cikin fim ɗin ma ba ta mutu a bango ba. Masu rubutu a kan guntun bidiyo ba su kai ƙarshensa ba.

Wuri biyu sun isa su nuna irin hannun Asif. Na farko gasar waƙa ce tsakanin Bahar da Anarkali a gaban yarima. Da aka gama sai ya miƙa wa Bahar furen wardi, ya miƙa wa Anarkali ƙayar jikinsa. Ta karɓa da ladabi ta ce ta gode, ai ƙaya ba ta fargabar bushewa. Na biyu shi ne zaman dare a lambu. Ba a furta kalma ko ɗaya. Daga nesa ana jin muryar mawaƙi Bade Ghulam Ali Khan a matsayin Tansen, mawaƙin fadar Akbar. Salim yana riƙe da farin gashin tsuntsu yana shafa shi a hankali a fuskarta, kyamara ta matso har fuskar ta cika allo, idonta yana lumshewa yana buɗewa, gashin ya rufe leɓenta sannan ya janye. Masu sharhi da yawa suna lissafa wannan cikin wuraren soyayya mafi ƙarfi a sinimar Indiya. Abin mamaki, Dilip Kumar ya faɗa a tarihin rayuwarsa da ya fito a 2014 cewa lokacin da aka ɗauki wurin ko gaisawa ba sa yi da Madhubala, don soyayyarsu ta zahiri ta riga ta watse.

Shekara 16 ana abu ɗaya

Asif ya fara shirin tun 1944, da wasu ƴan wasan daban: Chandra Mohan da Sapru da Nargis. Sai rabuwar Indiya da Pakistan ta zo a 1947, mai zuba kuɗin, Shiraz Ali Hakim, ya koma Pakistan. Chandra Mohan ya rasu a 1949. Aka watsar da abin da aka ɗauka, aka sake sabon lale a farkon shekarun 1950 da kuɗin Shapoorji Pallonji, attajirin da sana'arsa gine-gine ce, ba fim ba. Ƙiyasin da aka fi ambata na kuɗin da aka kashe shi ne rufi (kuɗin Indiya) miliyan 15, a zamanin da ake gama fim guda da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba.

Kuɗin sun tafi ne a kan naci. Bade Ghulam Ali Khan, babban malamin waƙar gargajiya, ba ya yi wa fim waƙa. An ruwaito cewa ya yanka farashin rufi 25,000 a kan waƙa guda don a rabu da shi, a lokacin da manyan mawaƙan fim ke karɓar ɗaruruwa kaɗan, Asif ya ce ya biya. Sojojin da ke fagen yaƙin an aro su ne daga rundunar Indiya, da dawakai da raƙuma na gaske. Sarƙoƙin da Madhubala ke ja a kurkuku na ƙarfe ne masu nauyi, alhali tana fama da ciwon zuciya da aka haife ta da shi, huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciya. Ciwon ne ya yi ajalinta a 1969 tana da shekara 36. Wanda ya san wannan, in ya ga yadda take tangaɗi da mari a ƙafa tana waƙar bege tana kiran Shugaban Madina ya dube ta, zai gane ba duka ne wasa ba.

Ɗakin madubai da matsalar haske

Ɗakin da ake gani a bidiyon sunansa Sheesh Mahal, fadar madubi. An gina shi ne a cikin sutudiyo a Bombay, tsawonsa ƙafa 150, faɗinsa ƙafa 80, tsayinsa ƙafa 35. An sayo gilashin daga Beljiyam, masu sana'ar gilashi daga garin Firozabad suka yanka suka manna, aikin ya ci kusan shekara biyu.

Da aka gama aka kunna fitilu sai murna ta koma ciki. Fim mai launi na wancan zamani yana buƙatar haske mai tsanani, madubi kuma aikinsa mai da haske. Kowane ɗan madubi sai ya harbo hasken fitila kai tsaye cikin idon kyamara, hoton ya ƙone ya zama fari fat. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton amarya da filasha a gaban madubin ɗakinta ya san abin, sai dai a nan madubin dubbai ne. Mai ɗaukar hoto R. D. Mathur da mutanensa suka ɓullo wa abin ta hanya biyu. Suka shafa wa madubban kakin zuma siriri don ya rage musu ƙyalli ba tare da ya kashe hoton da ke cikinsu ba. Sannan suka daina haska ɗakin kai tsaye, suka riƙa jefa hasken a kan ƙyallaye da aka rataye, shi kuma ya dawo cikin ɗakin a tausashe. Da haka aka samu hoton da Akbar ya ɗaga kai ya ga baiwar da ya raina ta zama ɗaruruwa a rufin fadarsa, kowace tana juyi. Duk inda ya kai ido ita ce.

Wannan wuri tun asali da launi aka ɗauke shi, da wani yanki na ƙarshen fim. Sauran duka baƙi da fari ne. Asif ya so ya sake ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya da launi, masu rarrabawa suka ce sun gaji da jira.

Inda tarihi ya tsaya

Akbar da Salim mutane ne na gaske. An haifi Salim a 1569, kuma sunan waliyyin nan aka sa masa. Ya gaji ubansa a 1605 da laƙabin Jahangir, ya yi mulki zuwa 1627. Tawayen ma ya faru: wajen 1600 ya kafa kansa a Allahabad har ya buga kuɗi da sunansa, a 1602 kuma ya sa aka kashe Abul Fazl, babban amini kuma marubucin ubansa. Amma gadon sarauta yake nema, ya gaji da jira. Ba a gwabza yaƙin fili tsakanin uba da ɗa ba, manyan matan gidan ne suka shiga tsakani aka sasanta. A lokacin Salim yana da mata da ƴaƴa, kuma shi da kansa ya rubuta yadda giya da banju suka kama shi. Da ɗansa Khusrau ya yi masa irin abin da ya yi wa Akbar, sai ya sa aka makantar da shi. Wannan mutum ya yi nisa da salihin masoyin da Dilip Kumar ya nuna.

Anarkali ce ƙafarta ba ta taka ƙasa sosai ba. Babu sunanta a littafin tarihin Akbar da Abul Fazl ya rubuta, babu shi a tarihin da Jahangir ya rubuta na kansa. Wanda ya fara ambatonta wani ɗan kasuwar Ingila ne, William Finch, da ya je Lahor wajen 1611 ya rubuta abin da ya ji a gari. A ruwayarsa ma ba baiwa mai rawa ba ce, ɗaya daga matan Akbar ce da aka zarga da hulɗa da Salim. A Lahor akwai hubbaren da ake kira da sunanta, da kasuwa mai sunanta. A jikin kabarin akwai baitin Farisanci na mai begen masoyiya, da sunan Salim ɗan Akbar, da shekarun 1008 da 1024 na Hijira, wato wajen 1599 da 1615. Wasu masana tarihi suna ganin kabarin Sahib Jamal ne, matar Salim da ta rasu a 1599.

Ɗakin madubin ma ya riga zamaninsa. Sheesh Mahal na Lahor Shah Jahan ne ya gina shi wajen 1631, kuma Shah Jahan ɗan Salim ne. Wato an sa yarima yana zaune a ɗakin da ɗansa zai gina bayan rasuwarsa. Salon waƙar thumri da ake ji a fadar ya bunƙasa ne a ƙarni na 19. Sunan Jodha Bai da aka ba uwar Salim ma masana sun daɗe suna jayayya a kansa, a takardun fada Maryam-uz-Zamani ake kiranta, ƴar sarkin Amber da Akbar ya aura a 1562.

Zargin ɓata sunan sarkin Musulmi

Wannan zargi ya kife ne da ƙafa sama. Asif Musulmi ne, haka Naushad da Shakeel Badayuni da Dilip Kumar da Madhubala, haka mutum huɗun da suka rubuta maganganun fim ɗin: Aman da Kamal Amrohi da Wajahat Mirza da Ehsan Rizvi. A wasan Imtiaz Ali Taj ana gine yarinyar ta mutu. Asif ne ya canza ƙarshen, ya ƙirƙiro zobe da hanyar ƙarƙashin ƙasa, don Akbar ya fita a matsayin mai cika alkawari. In akwai laifi, na wanke sarki ne.

Abin da kan tsaya wa mai kallo a nan a rai shi ne wurin da Akbar ya halarci bikin haihuwar Krishna, abin bautar Hindu, tare da matarsa ƴar Hindu. Gardama kan addinin Akbar ta girmi sinima da ƙarnoni. Ya soke jiziya a 1564, ya gina zauren muhawarar addinai a Fatehpur Sikri a 1575, kuma malamin zamaninsa Abdul Ƙadir Badauni ya yi masa raddi mai zafi a rubuce. Asif ya zaɓi wannan fuska ta Akbar da gangan. Fim ɗin ya fito shekara 13 bayan rabuwar da aka zubar da jinin Hindu da Musulmi, kuma yana buɗewa da taswirar Indiya tana magana da bakinta tana yabon sarkin. Saƙo ne ga Indiyar zamanin Nehru, firaministanta na farko, cewa Musulmi ya taɓa riƙe ƙasar da adalci ga kowa.

Abin da masu sharhi suka ce

A kasuwa babu gardama. Mutane sun kwana a layin tikiti a Bombay, kuma fim ɗin ya riƙe kambun wanda ya fi kawo kuɗi a Indiya har shekara 15, sai a 1975 Sholay ya ture shi. Gwamnati ta ba shi lambar fim ɗin Hindi mafi kyau na shekarar.

Kyaututtukan Filmfare, gasar finafinan Hindi ta shekara-shekara, su ne suka bar baya da ƙura. Ya samu uku: fim mafi kyau, ɗaukar hoto, da rubutun magana. Amma lambar darakta ta tafi ga Bimal Roy, ta kiɗa ta tafi ga Shankar da Jaikishan, ta jaruma ta tafi ga Bina Rai, aka bar Madhubala. Dilip Kumar ya ci lambar jarumi a shekarar, sai dai da wani fim daban. Har yau masu sharhin Indiya suna kawo hana Madhubala da Naushad a matsayin misalin inda alƙalan gasa suka yi tuntuɓe. A 2013, da sinimar Indiya ta cika shekara 100, jaridar Eastern Eye ta Birtaniya ta sa shi na ɗaya a jerin finafinan Hindi.

Masu suka suna da nasu. Sun ce Prithviraj Kapoor wasan daɓe yake yi a gaban kyamara, da tsawa da zare ido da taku ɗaiɗai kamar mai auna fili. Sun ce tafiyar fim ɗin tana da nauyi, mutane suna tsayawa kamar gumaka suna jefa wa juna baitoci. Sun ce ƙarshen ha'inci ne, an ceci ran yarinyar don a ceci mutuncin sarki, ita kuma ta fita kamar gawa mai tafiya, an raba ta da komai.

Suka ta farko ba ta da ƙarfi. Tsawar Prithviraj da sanyin Dilip Kumar, wanda da ƙyar yake ɗaga murya, su ne suke nuna tazarar da ke tsakanin gadon sarauta da mutum. Ta ƙarshe kuwa gaskiya ce, kuma ita ce ta tona asirin fim ɗin. Waƙoƙin duka suna bayan masoya, amma hukuncin yana bayan sarauta. Akbar yana da ma'aunin adalci a fadarsa, kyamara tana yawan komawa kansa, kuma a ƙarshe an nuna ya ɗora ɗansa a kai ya zaɓi ƙasa. Ba a taɓa tambayar dalilin da ya sa baiwa ba za ta zama sarauniya ba, in ban da bakin wani mai sassaƙa da ke yi wa fada tsiwa. Mai kallo ya yi kuka don Anarkali, ya tashi yana girmama Akbar.

Launin 2004

Matashin fadar shayi da dattijon duka abin da suka gani suka faɗa. Ranar 12 ga Nuwamba 2004 aka sake fitar da fim ɗin a sinima bayan an yi masa launi da kwamfuta, da kuɗin kamfanin iyalan Shapoorji Pallonji. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato minti 197 ya haura hoto 283,000. Sai da aka fara wanke su daga ƙura da karce da fumfuna, sannan aka bi su ana ɗora launin da ya dace da duhu ko hasken tokar da ke kowane wuri. An sake naɗar kiɗan a ƙarƙashin kulawar Naushad, aka bar muryoyin asali. An kuma rage tsawon zuwa minti 177. Ya yi kasuwa, kuma a 2006 aka haska shi a Pakistan.

An yi asarar abu biyu. Mathur ya tsara haskensa ne don baƙi da fari, inuwar kurkuku da ƙyallin hawaye duka a kan wannan aka auna su, launi kuma yana cike inuwa ya mai da fatar mutane sumul kamar an shafa hoda. Na biyu ya fi ciwo. A kwafin asali mutum ya daɗe yana kallon baƙi da fari, kwatsam sai ɗakin madubai ya buɗe da launi daidai lokacin da baiwa ta ɗaga kai ta kalli sarki. In komai mai launi ne tun farko, wannan bugun zuciya ya tafi.

Abin da ya shafi mai kallo a nan

Wanda zai karɓa wajen masu turi a kasuwar Dole ko wani shago ya duba tsawon kafin ya biya. Minti 197 shi ne na asali, 177 mai launi ne, abin da ya gaza haka an yanke shi, kuma waƙoƙi aka fi zubarwa, alhali a wannan fim waƙa ce ke ɗauke da labari. Guntayen TikTok kuma ana datse gefe da gefensu don su tsaya a tsaye, madubban da ake magana sai su fita daga allo.

Labarin kansa ba baƙo ba ne a garin da ke da fadar Sultan da dogarai, inda har yau ake binciken asali kafin a ba da aure, a ƙasar da sai a 2003 doka ta mai da bauta laifi. Wannan kusanci ne ya sa finafinan Indiya suka zauna a ƙasar Hausa tun shekarun da ƴan kasuwa Labanawa ke kawo su gidajen sinima, abin da masanin nan Brian Larkin ya yi nazari a kai a Kano. Littattafan soyayya da finafinan Hausa sun ɗebi ɗan sarki mai son ƴar aikin gida, da kishiya mai kai tsegumi, da waƙa a lambu. Abin da suka fi bari a baya shi ne uban da aka ba hujja mai ƙarfi. Mu ma a Nijar muna da tsohon fim a kan raba masoya da ƙarfin dukiya, Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, amma samun kwafinsa a Zinder ya fi samun na Asif wuya.

Saura batun fassara. Maganar fim ɗin Urdu ce ta fada, cike da Farisanci da Larabci, shi ya sa Bahaushe kan tsinci kalmomi irin su duniya da hukunci da muhabba da zalunci ko ba a fassara masa ba. An taɓa juya shi zuwa harshen Tamil da sunan Akbar, bai karɓu ba, har aka fasa na Turanci da aka yi niyya. Duk mai son juya shi zuwa Hausa ya san cewa barkwancin da ake cusawa a fassarar finafinan faɗa ba zai yi a nan ba. Hausa tana da harshen fada nata, da "Allah ya ja zamanin sarki" da "ranka ya daɗe" da "takawarka lafiya", kuma laƙabin da ake kiran Akbar da shi, Zill-e-Ilahi, shi ne zillullahi da masu kirari suka sani. A bainar fada Salim da laƙabin sarauta yake kiran ubansa. A daren da za a gwabza yaƙi kuwa, Akbar ya je tantin ɗansa ya kira shi Shekhu, sunan da yake kiransa tun yana yaro, ya roƙe shi a matsayin uba. In mai fassara ya sa "Baba" da "ɗana" a bakinsu tun daga farkon fim, ya iso tantin nan ba shi da sauran kalmar da zai sauya.